Wata takwas da kyamarar tsaro mai farantin sola a layinmu

Bayan an ɓalle motoci biyu a layinmu cikin mako guda aka kwashe batiransu, mu gidaje shida da ke fuskantar juna muka haɗa kuɗi muka sayi kyamarar tsaro irin wadda ba a ja mata wayar wuta, mai batiri a cikinta da ɗan farantin sola a samanta. Da yake a bangon gidana aka kafa ta, ni aka ɗora wa kula da ita, kuma wata takwas sun ishe ni in san halinta.

Kafa ta bai ci awa guda ba, domin kusoshi huɗu ne kawai, sai manhajar da ake saukewa a waya. Wifi mai zangon 2.4 kaɗai take kamawa, abin da ya kamata mai saye ya tabbatar tun kafin ya hau tsani. Batirin bai taɓa mutuwa ba, ko a makon da rana ta yi wuyar gani, kuma alamar IP65 da ke jikin kwalin ta cika alkawarinta, don ruwa da ƙura ba su shige ta ba. Da rana hotonta tangaran yake, har ana iya karanta lambar motar da ta tsaya a ƙofa. A nan ba ni da abin kushewa.

Da dare ne ake gane iyakarta, alhali saboda daren muka saye ta. A wata na uku, da misalin ƙarfe uku da kwata na dare, wani ya zo ya kwance madubin motar maƙwabcina. Da safe muka taru a kan wayata muna murna cewa yau ɓarawo ya shiga hannu, sai muka tarar da hoto baƙi da fari na wani mutum sanye da hular sanyi, fuskarsa kamar an shafe ta da alli, yana aikinsa a natse har ya gama ya juya. Muka ja hoton don ya ƙara girma, sai ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo. Jami'in da muka kai wa rahoto ya kalla sau biyu, ya ce abin da bidiyon ya tabbatar shi ne lokacin da aka yi satar, ba wanda ya yi ta ba.

Daga baya na fahimci cewa lissafi ne ya ci mu, ba wata ɓoyayyiyar illa ba. Hoto mai 1080p ɗigo 1920 ne a faɗinsa, kuma ƙa'idar da masu harkar kyamarorin tsaro suka daɗe suna bi a duniya ta ce ana buƙatar aƙalla ɗigo 250 a kowace mita kafin a iya tantance fuskar wanda ba a sani ba. Ke nan faɗin wurin da kyamarar ke ɗauka bai kamata ya kai mita takwas ba. Tamu kuwa mai faɗin gani ce, wajen digiri 110, don haka da zarar mutum ya yi nisan da ya wuce mita uku, za a ga motsinsa da kayan jikinsa amma ba za a shaida shi ba. Mu kuma, don gudun kada a sace ta, mun kafa ta can sama kusa da rufi, inda ƙoƙon kai take kallo maimakon fuska. Babu ko ɗaya daga cikin wannan bayani a takardar da ta zo da ita, kuma ina ganin wannan gazawa ce babba daga masu ƙera ta.

Akwai kuma batun barci. Domin ta tattala batiri, kyamarar ba ta ɗauka sai na'urar da ke jin ɗumin jiki ta tashe ta, kuma kafin ta farka daƙiƙa ɗaya ko biyu sun wuce, wanda ya ishi mai babur ya gifta ba a ga komai ba sai ƙurarsa. Na'urar ta fi jin wanda ya ratsa ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, shi ya sa gara a kafa ta a karkace. Su kuwa kyanwa da gizo-gizon da ya yi saƙa a idonta ba su taɓa kuɓuce mata ba. A daren farko sau goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara, har sai da na rage mata ƙarfin ji.

Katin memori a cikin kyamarar yake, saboda haka wanda ya cire ta ya tafi da shaidar gaba ɗaya, sai dai idan an biya kuɗin wata-wata na ajiya a intanet. Haka kuma wajibi ne a canza kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko, domin a 2016 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori, ciki har da kyamarori, ta hanyar gwada kalmomin sirri na kamfani da masu su ba su sauya ba. Wata maƙwabciya ma ta yi ƙorafi cewa ana ganin shigarta da fitarta, kuma tana da gaskiya. An yi sa'a manhajar tana ba da damar rufe wani sashe na hoton, sai na rufe ƙofarta.

Shin ta rage sata? Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara binciken shekara arba'in, ya nuna cewa kyamarori na rage laifi da kusan kashi 13 cikin ɗari, kuma sun fi tasiri a wuraren ajiye motoci da inda ake da mai sa ido a kansu. Gwajin da aka yi a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York a 2016 kuwa ya nuna cewa ƙarin fitilu ya rage manyan laifukan dare a waje da kusan kashi 36. Abin da muka gani bai saɓa wa wannan ba. Bayan satar madubin mun sauko da kyamarar zuwa tsayin mita biyu da rabi, muka karkata ta ga mashigar layin, muka kafa fitila mai haske sosai a gefenta, kuma tun daga nan hoton dare ya koma mai launi, fuskoki suka fito.

Wanda yake son ya tsare ƙofa ɗaya ko ɗan lungu, wannan kyamara za ta biya masa buƙata muddin ya haɗa ta da fitila. Wanda kuwa yake son ya rufe layi sukutum, gara ya nemi masu wayar wuta da ke ɗauka dare da rana suna ajiyewa a na'urar da ke cikin gida, kuma mu ma su muke shawarar sa wa a ɗaya bakin layin.