Manyan motocin Accra zuwa Kumasi: zama da daɗi, lokaci sai yadda hanya ta ga dama

Tsakanin Accra da Kumasi kusan kilomita 250 ne a kan hanyar N6, amma duk wanda zai yi mako yana kai da kawowa tsakanin kasuwar Makola ta Accra da kasuwar Kejetia ta Kumasi ya ware wa kowace tafiya awa biyar zuwa shida, wani lokacin ma fiye. Motocin kansu ba su da laifi sosai. Hanya ce ke cinye lokacin.

Tsari biyu ake da su. Motocin kamfanin VIP da ke tashi daga Circle a Accra su sauke a tashar Asafo a Kumasi, sai mota ta cika take tashi. STC, kamfanin sufuri na gwamnati, kuwa da lokaci yake aiki. Mai sammako tsarin cikawa ya fi masa, domin da asuba fasinja yawa gare su, mota ba ta daɗewa. Da tsakar rana kuwa sai mutum ya zauna fiye da awa guda yana kallon kujeru uku da suka rage. Kafin a yanki tikiti, a leƙa cikin motar a ƙirga mutane.

Idan aljihu zai ɗauka, a nemi mota mai kujera biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen. Ƙafa na samun wuri, kujera na kwantawa, ba mai dogara maka kafaɗa. Layin ƙarshe a bar shi: injin yana ƙarƙashinsa, kuma kowane rami a ƙugu ake jin sa. Sanyin na'urar ma ba na wasa ba ne, riga mai kauri ko mayafi ya zama dole, musamman da dare. Wurin cajin waya a wasu motocin ado ne kawai, a fito da waya cike.

Inda rai ke ɓaci shi ne fita daga Accra. Daga Ofankor ta Pokuase zuwa Nsawam, cunkoso da aikin hanya kan ci awa guda ko biyu. Bayan Suhum da Apedwa akwai wurare da dama da hanyar ta zama ta gaba da gaba, ga manyan motocin kaya masu nufar Burkina Faso da Mali daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Direba ya shiga bayan tirela a kan hawa, sai haƙuri. A Konongo da Ejisu kuma kasuwa ce ta ci bakin titi. Yammacin Juma'a ya fi kowane lokaci muni, saboda Asabar ce ranar bikin makoki a ƙasar Ashanti, kowa na hanyar gida. Lokacin Ista ma wajen Nkawkaw ba ya shiguwa saboda bikin Kwahu.

Tsayawa ɗaya ake yi, yawanci a mahaɗar Bunso, minti 15 zuwa 20. Direba ba zai sake tsayawa don salla ba. Wanda zai yi alwala ya fara da ita kafin ya bi layin abinci, ya kuma riƙe ƴan canji na bayan gida. Ya haddace lambar motarsa, don motoci masu fenti iri ɗaya kan jeru a wurin. Mai kokwanton yanka gara ya ƙullo waakye ɗinsa (shinkafa da wake) tun daga unguwar Nima a Accra.

Kaya masu yawa kuɗinsu daban ne, kuma ciniki ake yi. A gama magana kafin a ɗora, a tabbatar an manna lamba a jikin kowane buhu, takardar kuma ta zauna a aljihu har Asafo.

Mai zuwa unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi ya gaya wa yaron mota tun daga Ejisu cewa zai sauka wajen Oforikrom. Daga nan tasi ko pragya (keke mai ƙafa uku) ta fi masa kusa, ya huta da turmutsutsun Asafo.