Firam ɗin tabarau na Miraflex ga yaro mai tsagewar leɓe da ganɗa: inda ya yi, da inda ya gaza

Kusan jariri 1 cikin 700 a duniya ana haifarsa da tsagewar leɓe ko ta ganɗa, kuma hankalin iyaye yakan tafi kacokan kan shayarwa da ranar ɗinki. Ido yakan zo daga baya, alhali waɗannan yara sun fi sauran yara haɗuwa da harara-garke, da raunin gani mai buƙatar tabarau, da toshewar magudanar hawaye, da faɗuwar fatar ido ta sama. Wasu ma tsagewar alama ce ta wata lalura mai faɗi. Yaron da ke da ciwon Stickler, alal misali, yakan zo da tsagewar ganɗa da ƙaramin haɓa, ba ya ganin nesa tun yana ƙarami, kuma tantanin bayan idonsa na iya ɓallewa. Mai ciwon Goldenhar kuwa kunnensa ɗaya kan zo ƙarami ko a naɗe. Irin waɗannan yara ne muka duba wa firam ɗin Miraflex, wanda ake yi a Italiya.

Matsalar tabarau na yau da kullum ita ce a kan karan hanci da kunnuwa biyu yake zama. Yaro mai tsagewar leɓe ta gefe ɗaya hancinsa a baje yake ta ɓangaren tsagewar, kuma ya karkata, ko bayan ɗinki. Firam mai ƙafafun hanci na ƙarfe sai ya zame ƙasa ko ya jirkice, yaron ya riƙa leƙe ta saman gilashin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan lambar gilashi, wato ma'aunin ƙarfinsa, babba ce, zamewar milimita kaɗan ta isa ta kawar da tsakiyar gilashin daga ƙwayar ido, kuma idon da bai samu hoto tangaran ba a shekarun farko ƙwaƙwalwa takan yi watsi da shi. Bayan shekara 7 zuwa 8 dawo da ƙarfinsa yana wuya ƙwarai.

A nan Miraflex ya ciri tuta. Roba ce mai laushi guda ɗaya, babu ƙarfe, babu noti, babu mahaɗin da zai karye. Igiyar roba ce ke zagaya ƙeya ta riƙe shi, saboda haka nauyin bai dogara da hanci ko kunne kaɗai ba, kuma yaro mai naɗaɗɗen kunne zai iya sa shi. Gadar da ke hawa hanci tana da faɗi, tana ƙasa-ƙasa, abin da ya dace da bajajjen hanci. Jariri zai kwanta a kansa, a goya shi da shi, ya ja shi ya lanƙwasa, bai karye ba. In ya faɗi da fuska babu ƙarfen da zai soki wurin ɗinki. Akwai girma tun daga Baby Zero na jarirai har na 'yan makaranta.

Amma wannan laushin shi ne kuma rauninsa. Ba shi da ƙafar hanci da mai gyaran tabarau zai murɗa, don haka idan hancin ya karkata sosai firam ɗin zai bi karkatar, kuma abin da ya rage shi ne a gwada wani fasali ko a daidaita tsawon igiyar. Kada a saya da ƙiyasi. A kai yaron a gwada masa: ƙwayar ido ta zauna a tsakiyar gilashin, saman firam ya kai gira, ƙasansa kada ya hau kunci in yaron ya yi dariya, gashin ido kada ya shafi gilashin. Igiyar kuwa yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashinta. In ta fi haka matsewa za a ga shaida a gefen kai da kan hanci. In shaidar ta daɗe ba ta baje ba bayan an cire, a sassauta.

Da yake yana manne da fuska, a zafin bazara gumi yakan taru a ƙarƙashinsa, gilashin ya yi hazo, wani lokaci ƙurajen zafi su fito. Yaron da magudanar hawayensa ta toshe ya fi shan wannan, domin hawaye da kwantsa suna ɓata gilashin kullum. A wanke da ruwa da sabulu mai laushi safe da yamma, a goge da tsumma mai taushi. Lokacin hunturu kada a goge shi a bushe da bakin zane, ƙura za ta karce shi. Igiyar tana saki da wanki da gumi, gara a sayi ta biyu tun farko.

Gilashin da za a sa ya zama na polikabonet, wata roba mai ƙarfi wadda ba ta saurin tarwatsewa. Gilashi mai kauri yakan fita daga firam mai laushi idan ba a yanka shi daidai ba, saboda haka a murɗa firam ɗin a gaban mai shago kafin a biya. Ita kuma lambar, kada a karɓe ta sai an ɗiga wa yaron maganin da ke sassauta tsokar ido, kamar cyclopentolate ko atropine, domin idon yaro yana ɓoye ainihin lambarsa. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano suna cikin wuraren da za a nufa. Iyayen da aka yi wa ɗansu ɗinki kyauta ta hannun ƙungiyar agaji ta Smile Train su roƙi likitan ya ba su takardar zuwa sashen ido, kada su jira a ce musu.

Idan likita ya ce a rufe ido mai ƙarfi don mai rauni ya yi aiki, galibi awa 2 a rana ga matsakaicin rauni, awa 6 ga mai tsanani, a manna filastar a kan fata sannan a ɗora tabarau. Mayafin da ake zura wa firam yana barin kafar leƙe, musamman ta gefen da hanci ya baje. Bayan ɗinkin leɓe ko gyaran hanci kuwa, likitan tiyata ne zai faɗi ranar da za a mayar da tabarau.

Tsadarsa ta fi ta firam ɗin kasuwa nesa, tunda daga waje ake kawo shi, kuma akwai masu kama da shi da robarsu ke taurara ta tsage. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko mai lalurar kunne, muna ganin ya cancanci kuɗinsa. Ga ɗan shekara 8 zuwa sama mai babbar lamba da karkataccen hanci, firam mai ƙafafun hanci na silikon da ake iya daidaitawa, haɗe da igiya, ya fi zama daram.