GARGAƊI: Mai tallar ruwan epoksi a Facebook ya ci min jika 190, ya kuma jawo min asarar katakon mahaifina

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da duk wanda wannan rubutu ya iske. Kwana 9 ke nan ina rubutawa ina gogewa saboda kunya. Yau na ce sai na faɗa, ko da za a yi ta maganata a majalisa. Jika 190, wato sefa dubu 190, wani mutum ya karɓe daga hannuna da sunan zai aiko min da ruwan epoksi na zuba tebur, wato wani ruwa da ake haɗawa da maganin daskarar da shi ya bushe garau kamar gilashi, ya aiko min da abin da ba shi ba. Jika 190. Ni malamin lakkol ne, kun san abin da wannan kuɗi yake nufi a gidana.

Akwai wani maɗaci a ƙofar gidanmu, mahaifina ne ya dasa shi, Allah ya jiƙansa. Ya faɗi a damanar 2024, cikin makon da ruwa ya rushe tsohon masallacin nan na Birni. Yayana ya ce a sayar wa masu itace a huta, na ce a'a Yaya, ka bar min gungumen. Na sanar da ma'aikatan gandun daji, na biya mai zarto ya fitar min da falle biyu, tsawon kowanne santimita 180, kauri santimita 5. Ban bari an daidaita gefensu ba, yadda bishiyar ta lanƙwasa haka na bar su, don irin teburin da nake so ke nan: a juya gefunan biyu su kalli juna, a bar rata a tsakiya, a cika ta da epoksi mai launin shuɗi, ya fito kamar kogi ya ratsa katako. Sama da shekara suna zaure a kan tubali, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, kullum da safe sai na duba ko sun tsage.

Kada wani ya ce min na shiga abin da ban sani ba. Na sani. Na yi lissafina da kaina: tsawo 180, faɗin rata kamar 20, zurfi 5, ya ba ni lita 18. Na san epoksi iri biyu ne, akwai na shafe saman tebur da ba a zuba shi ya wuce 'yan milimita, akwai kuma na zubi mai zurfi da yake ɗaukar kwana 2 zuwa 3 kafin ya daskare. Na san in ana haɗa shi zafi yake fitarwa, shi ya sa ban yi gangancin zubawa a bazara ba, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40. Sai da na jira hunturu. Na haɗa akwatin zubi, na liƙe cikinsa da salatif, na toshe kowace kusurwa, na rufe tagar ɗakin da leda saboda ƙura. Wanda bai san abin da yake yi ba zai yi duk wannan?

A shafin mutumin nan na Facebook na ga hotunan tebura, ya ce yana Kano, daga waje yake shigo da kayan. Na yi masa magana, shi ya kira ni da bidiyo da kansa. Kuma abin da yake ta dawo min a rai ke nan. Na nuna masa katakon, sai ya ce, "Malam, ka cire ɓawon nan duka, in ka bar shi wata rana zai saki. Sannan ka fara shafe gefen da ɗan kaɗan ya bushe, in ba haka ba katako zai yi ta fitar da kumfa." Gaskiya ce ya faɗa, haka ake yi. Na ce masa zan sayi lita 30 don kada ya gaza. Ya ce, "A'a Malam, kada ka yi asarar kuɗinka, lita 20 ta ishe ka." Shi ya hana ni ƙara kuɗi. Ku faɗa min, mutumin da ka miƙa masa ciniki ya ce ka rage, ta ina za ka zarge shi? "Kada ka yi asarar kuɗinka." Wallahi har yanzu muryar tana kunnena. Har da cewa ni da kai ba mu san juna ba amma akwai Allah a tsakaninmu.

Muka daidaita a jika 140. Na tura 70 tukuna, ban tura duka ba, a shaida min wannan. Sai da ya aiko min hoton jarkoki biyu a bayan mota, babba da ƙarama, da tambari da rubutu a jikinsu, sannan na cika 70. Bayan kwana 4 ya ce an riƙe kayan a Ɗan Barto, bakin iyaka, duwan na neman jika 35. A'a, kafin nan ma ya yi shiru kwana 2 ya ce rasuwa aka yi masa, har ta'aziyya na yi masa. To na tura 35 ɗin. Ni ban yarda ko dala ɗaya ta kai hannun duwan ba, aljihunsa ta shiga. Sai kuma jika 15 na direba, alhali tun farko ya ce kuɗin mota yana cikin 140. Ku haɗa: 70, 70, 35, 15. Jika 190.

Da na je tasha, jarka ɗaya na tarar, ba tambari, an manna mata takarda an rubuta da biro, sai wata 'yar kwalba kamar ta maganin tari. Ba jarkokin da ke cikin hoto ba. Epoksin zubi mai zurfi, abin da na sani, kashi biyu ne na ruwan da kashi ɗaya na mai daskarar da shi, to ina 'yar kwalba za ta kai? Ina buɗe murfin wari ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Nan take na kira shi, ban ɓata lokaci ba. Ya ce, "Haba Malam, wannan na masana'antu ne, ya fi wancan ƙarfi, shi ya sa maganinsa kaɗan ne. Ka gwada a kofi ka gani." Na gwada a kofin shayi. Kafin awa ɗaya ya zama dutse, garau. Na gwada fa, ban zuba da ka ba. Saurin daskarewar ya ɗan tsaya min a rai, amma ga shi a hannuna ya yi kyau, ga mutum yana rantsuwa a saƙon murya, kuma saƙon yana nan a wayata.

Bayan isha'i na zuba. Ba a jima ba akwatin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, wari ya cika gidan har maiɗakina ta kwashe yara suka kwana a maƙwabta. Ina tsaye ina jin ƙas, ƙas, yana tsagewa. Da gari ya waye kogin ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, tsaga tun daga wannan kai har wancan, ya janye daga jikin katako har bakin wuƙa yana shiga, wani wurin kuma ya kama ya fizgo gefen ya fasa shi.

Wani abokina mai gyaran jikin mota ne ya zo, tun daga zaure ya ce, "Malam, ai wannan namu ne." Poliyesta ne, wanda suke haɗawa da zaren gilashi su liƙe bamba. Ɗigo kaɗan ake sa masa na maganin, yana da araha sosai a kan epoksi, yana tsukewa in ya bushe, kuma in aka tara shi da yawa wuri ɗaya yana dafa kansa. A kofi ba za ka gane ba don kaɗan ne. Mutumin nan ya san haka sarai lokacin da yake ce min ka gwada a kofi. Ya kuma ga katakon da idonsa a bidiyo, na faɗa masa na mahaifina ne, ya ce Allah ya jiƙan Baba.

Na tura masa hotuna, ya buɗe, bai amsa ba. Washegari ya toshe ni. Ko a daren ne ma, na daina tantancewa. Shafin ya canza suna amma hotunan suna nan, kuma ɗana ya gano teburan na wani Bature ne, daga shafinsa aka kwaso. Na kai ƙara kwamisariya da rasit 4 na turin kuɗin.

In za ku saya, kada ku tura ko dala sai kaya sun zo hannu. Jarka ba tambari, ko babbar jarka da 'yar kwalba, ko wari mai hawa kai, ku mayar. Ku fara zubawa a kan guntun katakon banza mai kaurin naku, ba a kofi ba.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin zan sa su da dare in intanet ta yi kyau, sai na rufe lambobin mutane tukuna. Jika 190. Kafinta zai zo ranar Asabar ya duba, ya ce a waya ana iya yanke wurin da ya lalace, amma in an yanke, gefen nan da na yi shekara ina tattali shi zai tafi. Yaya yana Agadas, ya tambaye ni teburin shekaranjiya, na ce masa ana kan aiki.