Ribet-noti ko noti na walda: wanne ya fi a fayif mara kauri?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa kana da fayif mai kusurwa huɗu kaurin bangonsa milimita 1.5, kana so ka riƙa ɗaura abu da bolti M6 (mai kaurin milimita 6) kana kwancewa, wai ko ka yanka tiredi, wato haƙoran da bolti ke kamawa, kai tsaye a jikinsa. Gaskiya kar ka fara. Tazarar haƙoran M6 milimita 1 ce, ka ga a bangon naka haƙori ɗaya da rabi kawai zai kama, ranar da ka ɗan matsa sifana tiredin ya cinye ke nan. In M8 ne ma abin ya fi muni tunda tazararsa 1.25 ce. Zaɓinka na gaske biyu ne, ribet-noti ko a walda maka noti.

Ribet-noti ɗin nan, wanda ake kira Rivnut, wani ɗan kwaroro ne mai tiredi a ciki, za ka huda fayif ka zura shi sai ka ja shi da abin matsa shi, bayansa ya tattare ya kumbura daga ciki ya cije bangon. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1930 don ɗaura robar hana ƙanƙara a fukafukan jirgin sama, yanzu kuma shi za ka gani a firam ɗin kekuna da yawa, wajen ɗaura mazaunin gorar ruwa. Daɗinsa daga waje ɗaya ake aikin, ba wuta ba ƙona fenti, fayif ba zai lanƙwashe ba. Amma fa yana da sharaɗi kuma a nan mutane suka fi ɓata aiki: girman rami. Yawancin na M6 ramin milimita 9 suke so, M8 kuma 11, in ramin ya yi faɗi ko da kaɗan ne to wata rana za ka zo kwancewa ka ga bolti da notin suna juyawa tare, ba ya shiga ba ya fita, sai an sake hudawa an cire. Shi ya sa ni na fi son mai zane-zane a jiki, kuma ka sayi na ƙarfe ba na alminiyom ba, don alminiyom a jikin ƙarfe in ruwa na taɓa su cin juna suke. Ko ba ka da abin matsawa za ka iya da dogon bolti mai ƙarfi da noti da washa, ka riƙe boltin da sifana ɗaya kana ɗaure notin da ɗayar har ka ji ya yi tauri, sai ka tsaya, kar ka wuce.

Noti na walda kuwa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ba zai taɓa juyawa ba in waldar ta kama. Matsalar ita ce bango mai kaurin milimita 1.5 ba ya jure wuta, in mai waldar hannunsa bai faɗa ba nan da nan zai ɓula fayif ɗin, dole a rage wuta a yi ɗigo-ɗigo ana bari yana hucewa. A ɗaura tsohon bolti a cikin notin kafin a fara don ya daidaita da ramin kuma tartsatsi kar ya ɓata haƙoran. In fayif ɗin mai shafin zinki ne a kankare wajen tukuna, don Allah a kula da wannan, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Bayan nan kuma sai sabon fenti, in ba haka ba tsatsa daga nan za ta fara.

To ni a ganina in abin da za ka ɗaura marfi ne ko allo ko fitila ko ƙaramin biraket, ɗauki ribet-noti hankalinka kwance. In kuwa abu ne mai nauyi da zai riƙa jijjiga, ko wanda mutum zai hau, walda ce, har ma gara a fara walda ɗan falen ƙarfe mai kauri a wajen kafin notin, don sau da yawa bangon fayif ɗin ne ke yagewa kafin noti ya gaza. In kana iya kaiwa ɗaya ɓangaren ma za ka iya huda ɓari biyu ka zura dogon bolti, sai dai ka sa guntun bututu a ciki wanda boltin zai bi ta tsakiyarsa, in ba haka ba kana ɗaurewa fayif ɗin zai lotsa.