Kayan Jolly Phonics a hannun malami mai koyon aiki

Ɗalibin da ke koyon aikin malanta, idan aka tura shi ajin 'yan shekara huɗu zuwa shida ya koyar da karatun Turanci, abin da ya fi buƙata shi ne tsari na daki-daki. Nan ne ƙarfin kayan Jolly Phonics yake, wato shirin koyar da karatu ta hanyar sautukan haruffa. Shirin ya taso ne daga aikin wasu malamai biyu a Ingila, Sue Lloyd da Sara Wernham, kuma littafin jagoran malami ya fito a 1992. Akwai kuma katunan haruffa da waƙoƙi da ƙananan littattafan karatu.

An kasa sautukan Turanci 42 gida bakwai, shida-shida, ba bisa jerin abacada ba. Rukunin farko s, a, t, i, p, n ne, kuma da gangan aka zaɓe su: da zarar yaro ya riƙe su, zai karanta sat, pin, tin da ant da kansa. Sauti ɗaya a rana zai kai ka ƙarshe cikin kusan mako tara, amma sabon malami mai aji cike gara ya yi huɗu a mako, rana ta biyar ta zama ta bita.

Kowane sauti yana da ɗan labarinsa da waƙarsa da motsin jiki. A kan s, yara suna murɗa hannu kamar tafiyar maciji. A kan p, suna ɗaga yatsa su hura shi kamar kyandir. Motsin t kuwa, na juya kai hagu da dama kamar mai kallon wasan tanis, bai cika kama yaron da bai taɓa ganin wasan ba. Ana iya sauya shi, muddin duk malaman makarantar za su tsaya a kan abu guda.

Kuskuren da ya fi yawa daga bakin malami yake fitowa: a maƙala wasali a bayan baƙi, t ta koma "ta", p ta koma "pa". Yaron da ya koya a haka, ya zo haɗa s-a-t, "sa-a-ta" zai samu, ba zai ji kalmar ba har abada. Gwajin mai sauƙi ne. Ɗora yatsu a maƙogwaro ka furta t ko p. In ka ji rawa, wasali ya kutso.

Na biyu, wasa yakan cinye darasi. Yara suna son motsin, malami yana jin daɗin yadda aji ya ɗau zafi, sai a tashi ba a haɗa kalma ko ɗaya ba, alhali haɗawar ce karatu. A darasin minti 20, ka ba bita minti uku, sabon sauti biyar, rubutu a iska da kan allo huɗu, sauran takwas na haɗa sautuka da warware kalmomi. Wasan da ya fi biyan buƙata a nan: yara uku su riƙe kati ɗai-ɗai, su tsaya nesa da juna, kowa ya faɗi sautinsa, su yi ta matsowa suna ƙara sauri har kafaɗu su haɗu, kalma ta fito. Kada amsar taro ta ruɗe ka. Kira yara uku ko huɗu kullum su karanta su kaɗai.

Inda kayan suka gaza shi ne ba sa gyara lafazin malami. Daga rukuni na huɗu ake shiga sautuka masu haruffa biyu, ga oo iri biyu, ga th iri biyu, kuma dole ka saurari muryar da aka naɗa ka maimaita kafin shiga aji. Kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin su the, was da said, su 72 ne, a riƙa ba da su kaɗan-kaɗan. Yaran da ke zaune a bayan babban aji ba sa hango katunan sosai, sai an sake rubuta su manya a kwali.

Mai fara aiki ya nemi littafin jagora da katunan haruffa tukuna. Littattafan karatu su biyo baya idan yara sun gama rukuni uku na farko kuma sun iya haɗawa.