Duwatsun Miyuki a ɗinkin ado na hannu, ga yadda na same su

Wata uku kenan ina fama da wata 'yar jakar hannu, irin ɗinkin duwatsun nan da ba a zana komai a jikin yadi, sai dai ki manna babban dutse guda a tsakiya ki yi ta zagaye shi da ƙanana duk inda allura ta ja ki. Da na kasuwa na fara, waɗanda ake aunawa a ƙulla a leda, wallahi na sha wuya, wani ƙato wani siriri, wani ma ramin a toshe yake sai kin tura allura ki ji ƙas ya fashe a yatsanki. Jajayen kuma da na jiƙa su a ruwan omo na goga a farin ƙyalle sai ga kala ta fito.

Shi ne ƙanwata ta yo min odar Miyuki, 'yan Japan ne, kamfanin yana yankin Hiroshima tun 1949. Na karɓi masu zagaye lamba 11/0 da 15/0 da kuma wani samfurinsu da ake kira Delica kala biyu. Abin lura, in lamba ta ƙaru dutsen ƙanƙancewa yake, 11/0 bai wuce milimita 2 ba, 15/0 kuwa kamar ƙwayar gero ko ma bai kai ba, in ya zube a tabarma sai dai haƙuri.

Gaskiya ramin nasu ne ya saye ni. A wannan ɗinkin ana zura duwatsu uku ko huɗu, a soka allura ƙasa, a ɓullo ta bayan biyun ƙarshe a sake ratsa su, wato zare na bi ta cikin dutse ɗaya sau biyu har uku, to da allura lamba 12 sumul take wucewa, na yi layi bakwai kewaye da dutsen tsakiya ko ɗaya bai fashe min ba, abin da ban taɓa gani ba.

Amma fa Delica ɗin ni na yi kuskuren saye. Shi kamar an yanka bututu yake, gefensa a miƙe, ya fi dacewa da saƙa inda ake son komai ya jeru daidai. Da na zo lanƙwasa layi sai ya riƙa buɗe baki zare na leƙowa, dole na warware. Masu zagayen su ne ke kwanciya a kwana lafiya lau. Wani abin dariya, a ƙarshe sai da na koma ledar kasuwar na tsinto farare da baƙaƙe marasa zuba na cusa a 'yan gurabun da suka rage, don aikin da ba zane in komai ya zo kai ɗaya sai ya yi kamar na inji.

Tsada kam akwai, da giram ake sayarwa cikin 'yan robobi, ga kuɗin kawowa. Wuyan abaya gaba ɗaya ba zan iya da su ba sai in mai kaya ta yarda ta biya. Oda ta gaba 11/0 ruwan gwal zan ƙaro, mai rufin Duracoat, wanda ke kare kalar daga gogewa, saboda gumin hannu, sai 8/0 kaɗan na bakin jakar.