Hayar mota mai ɗakin kwana daga Jamus zuwa Italiya ta Suwizalan: gado shida, amma mutum huɗu ta isa

Kamfanonin da ke ba da hayar mota mai ɗakin kwana a Jamus suna tallata ta ne da yawan gadajen da ke cikinta, shi ya sa abokai biyar ko shida da suka ga an rubuta cewa mota tana kwanar da mutum shida sukan ɗauka lissafinsu ya fita. Mu biyar muka ɗauki irin wannan mota daga wani kamfani da ke bayan garin Stuttgart, muka ratsa Suwizalan daga arewa zuwa kudu har bakin tafkin Como a Italiya, sannan muka dawo. Motar lafiyayya ce, kuma ta raba mu da matsalar da ta fi damun Musulmi matafiyi a Turai, wato abinci. Sai dai yawan gado ba shi ke nuna mutum nawa za ta ɗauka ba, kuma kamfanin ya bar mu da kanmu a kan duk abin da ya shafi ƙetare iyaka, alhali tun ranar da muka kama motar muka faɗa masa ƙasashen da za mu shiga.

An gina ɗakin ne a kan Fiat Ducato, kamar yawancin irin waɗannan motoci a Turai. Tsawonta ya kusa mita 7, tsayinta ya haura mita 3 saboda gadon da ya fito a saman kan direba. A ciki akwai murhun gas, firji, wurin wanke kwanuka, teburin da ke komawa gado da dare, da ƙaramin banɗaki mai shawa. An ba mu ita tsaf, babu wari babu datti, injin bai taɓa yi mana gardama ba ko a hawan dutse, na'urar ɗumama ɗaki kuma ta yi aikinta a dararen da sanyi ya sauko. Wanda ya saba da ƙaramar mota zai iya tuƙa ta, muddin bai manta da tsayinta ba, domin yawancin wuraren ajiye motoci na cikin gari suna da ƙarfen da ke tare duk abin da ya wuce kimanin mita 2.

Babban abin da tallar ba ta ambata ba shi ne nauyi. Lasisin tuƙi na ƙaramar mota a Tarayyar Turai, wanda ake kira rukunin B, yana ba mutum izinin tuƙa motar da nauyinta duka bai wuce kilo 3,500 ba, don haka aka yi wa yawancin motocin haya rajista a kan wannan adadi daidai. To amma mota mai gado shida, tun kafin fasinja ya hau, ta riga ta cinye mafi yawan wannan nauyi da jikinta. Abin da ya rage shi ne za a raba tsakanin mutane, jakunkunansu, tukwanen gas, kujerun zama a waje, kayan abinci da ruwa, kuma kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ga shi tankin yana cin fiye da lita 100. Ɗaya daga cikinmu direban babbar mota ne a sana'arsa, shi ya nace sai an hau sikeli kafin a kama hanya, muka je wani wurin awon motoci muka biya ɗan abin da ba a rasa ba. Da tankin ruwa cike, da mu biyar da kayanmu, mun tarar mun wuce ƙa'ida. Dole muka zubar da mafi yawan ruwan, muka ajiye wasu kaya a gida, muka riƙa tafiya da ruwa kaɗan muna cikawa a duk zangon da muka sauka, wato filin da aka tanada don kwanan masu irin waɗannan motoci. Ma'aikacin da ya miƙa mana makulli ya ɓata lokaci mai tsawo yana nuna mana yadda ake buɗe rumfar gefe, amma bai ce uffan a kan nauyi ba, alhali idan 'yan sanda suka auna mota suka ga ta yi lodi fiye da kima, direba ne zai biya tara, ba kamfani ba. A ganina wannan shi ne babban laifin kamfanin, domin ya ga mu biyar tsaye a gabansa, ya kuma fi kowa sanin nauyin motarsa.

Akwai kuma abin da ya kamata a ƙirga kafin a sa hannu, wato kujerun da ke da bel. Doka ba ta yarda wani ya kwanta a gado mota tana tafiya ba, kowa sai ya zauna ya ɗaura bel, kuma akwai motocin da gadajensu suka fi kujerunsu masu bel yawa. Tamu tana da isassu, sai dai biyu daga ciki suna kallon baya ne, wanda ya zauna a kansu a kan hanya mai kwana-kwana kuwa ba ya daɗewa kansa ya fara juyawa.

A kan takardu, kamfanin ya yi abin da ya shafe shi kaɗai ya tsaya. Ya ba mu takardar rajistar mota, yarjejeniyar haya da takardar inshora, ya rubuta sunayen direbobi biyu, ya kuma nuna mana jerin ƙasashen da inshorar ta amince da su, wanda Suwizalan da Italiya suna ciki. Duk wanda ba a rubuta sunansa ba bai kamata ya taɓa sitiyari ba, ko da na gyara fakin ne. Ga 'yan'uwanmu da ba su daɗe da zuwa Jamus ba, lasisin da aka zo da shi daga Najeriya, Nijar ko Ghana wata shida kawai yake aiki daga lokacin da mutum ya zama mazaunin ƙasar, bayan haka sai ya yi na Jamus. Batun shige da fice kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, tun 2008, saboda haka wanda ke da takardar izinin zama a Jamus zai iya shiga ba tare da biza ba, na tsawon kwana 90 a cikin kowane kwana 180, da sharaɗin ya riƙe fasfo ɗinsa tare da katin izinin zaman. Katin shi kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda kuma izininsa ya ƙare yana jiran sabuntawa da takardar wucin gadi, ya fara tambayar ofishin baƙi, domin ba kowace irinta ce ke ba da damar fita a dawo ba. A tafiyar mutum ɗaya wannan matsalarsa ce shi kaɗai, amma a mota guda idan aka tsayar da mutum ɗaya an tsayar da kowa.

Mun bi babbar hanya ta A81 daga Stuttgart har ƙarshenta, muka shiga Suwizalan ta Thayngen, kusa da Schaffhausen. Jami'in da ya tsayar da mu bai damu da fasfo sosai ba, abin da ke cikin firji ya tambaya. Dalili kuwa shi ne Suwizalan tana da nata kwastan dabam da na Tarayyar Turai, kuma tana kare manomanta da haraji mai tsanani a kan nama. Kowane mutum kilo 1 na nama aka yarda ya shigar kyauta a rana, abin da ya haura sai a biya faran 17 na kuɗin Suwizalan a kan kowane kilo. Wannan doka ta fi shafar irinmu, da muke cika firji da naman halal daga shagunan Turkawa kafin mu tashi, saboda ba mu da tabbacin samunsa a ƙauyukan kan dutse. Mu biyar kilo 5 ke nan, mun kuma ajiye rasitin mahauci, wanda ya sa maganar ba ta yi tsawo ba. Haka nan tun 1 ga Janairun 2025 an rage ƙimar kayan da mutum zai shigar ba tare da biyan haraji ba daga faran 300 zuwa 150. Hukumar kwastan ɗin tana da manhaja mai suna QuickZoll da ake bayyana kaya a biya ta waya kafin a iso iyaka. Ko kalma ɗaya daga cikin wannan babu a ƴar takardar bayanin da kamfanin ya saka mana a mota, duk da cewa iyakar ba ta kai tafiyar awa uku daga ƙofarsa ba.

Kuɗin hanya ma mu muka nemo bayaninsa. Suwizalan ba ta da shingen karɓar kuɗi a manyan hanyoyinta, shaidar biya ake saya ta faran 40, ko sitika da ake mannawa a gilashi ko kuma ta intanet da lambar mota, wadda aka fara a 2023. Ta shekara guda ce, babu ta mako ko ta wata, ko da mutum wucewa kawai zai yi, kuma wanda aka kama babu ita zai biya tarar faran 200. Tunda shaidar tana bin motar ne, ya dace a tambayi kamfani ko wani ɗan haya ya riga ya saya mata a wannan shekara. Tamu ba ta da ita. Wayoyinmu ma sun fita daga tsarin Tarayyar Turai na amfani da layi a ƙasashen juna ba tare da ƙarin kuɗi ba, wanda ya fara a 2017 amma bai haɗa da Suwizalan ba, don haka muka sauke taswira tun muna Jamus.

Hanyar kanta ta biya wahalar. Mun tsaya a magangarar ruwan kogin Rhein da ke Neuhausen, mai faɗin mita 150 da zurfin faɗuwa mita 23, sannan muka gangara kudu muka shiga ramin Gotthard, hanyar mota ta ƙarƙashin dutse da aka buɗe a 1980, mai tsawon kusan kilomita 17 daga Göschenen zuwa Airolo. Rami ɗaya ne da hannu biyu ke amfani da shi, masu zuwa da masu dawowa, kuma tuƙa mota mai faɗin wannan a ciki manyan motoci suna tahowa ta gefe yana buƙatar direba mai natsuwa. A lokutan hutu layin shiga ramin yakan yi kilomitoci, a nan ne kuma muka ga amfanin tafiya da ɗaki, tunda ga ruwan sha ga abinci a hannu. Da aka fito ta kudu harshe ya koma Italiyanci, iska ta yi ɗumi. A jihar Ticino duk wanda ya kwana a zangon da ke da rajista ana ba shi tikitin hawa bas da jirgin ƙasa kyauta, wanda ya ba mu damar barin motar a zango mu shiga Lugano da Bellinzona ba tare da neman wurin fakin ba. Daga Chiasso muka shiga Italiya, inda ake biyan kuɗin hanya a shinge, tsofaffin unguwannin birane kuma suna da yankunan da aka hana motocin baƙi shiga, da kyamarori masu ɗaukar lamba, tarar ta biyo mutum ta hannun kamfanin haya bayan watanni.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne girki. Murhun bai da girma, amma ya dafa shinkafa da miya na mutum biyar, ya tafasa shayi da asuba, bai sa mun tsaya muna tambayar mai gidan abinci da wane irin mai ya soya dankali ba. A ƙasar da farantin abinci guda ke cin abin da zai ciyar da mu duka idan mun dafa da kanmu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Banɗakin ne dai ba a ƙera shi da mu a zuciya ba. Mazubin bahayar da ake zarowa ta waje bai kai lita 20 ba, an kuma tsara shi ne don masu amfani da takarda, mutum biyar masu tsarki da buta kuwa kan cika shi cikin yini guda. Ba a zubar da shi sai a wurin da aka tanada a zango, aikin da muka riƙa yi bi da bi ba tare da an ɗaga wa babba ko ƙarami ba. Alwala a ƙaramin kwamin ciki tana jiƙa ko'ina, don haka a waje muke yinta, sallar jam'i ma a waje a kan tabarma, domin tsakar motar ba ta ɗaukar sahu.

Wanda yake tunanin motar za ta raba shi da kuɗin masauki gaba ɗaya ya sake lissafi. A Jamus an yarda direba ya kwana dare ɗaya a wurin fakin don ya huta, amma a Suwizalan dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga ƙaramar hukuma zuwa wata, kuma wuraren da suka fi kyau yawanci su ne aka hana. Zangunan da muka sauka suna karɓar kuɗin mota dabam, na kowane mutum dabam, na lantarki dabam, ga harajin baƙi, ta yadda yawanmu bai rage mana komai a nan ba. Idan aka haɗa da dizal, wanda motar ke sha kusan ninkin ƙaramar mota kuma muka tarar ya fi tsada a Suwizalan, abin da muka kashe bai yi ƙasa sosai da na ƙaramar mota da otal mai rahusa ba. Abinci ne ya kawo bambancin.

A dawowa 'yan sandan tarayya na Jamus, waɗanda suka dawo da bincike a iyakarsu da Suwizalan tun Oktoban 2023, sun karɓi fasfo da katin kowa suka duba ɗaya bayan ɗaya, suka leƙa cikin ɗakin, suka sallame mu cikin mutunci. Kamfanin ya karɓi motarsa ba tare da jayayya ba, kuma hotunan da muka ɗauka na kowane ƙwarzane a ranar karɓa sun hana a ɗora mana wani tsohon tabo da ke jikin bamba. Kuɗin jingina na sama da Yuro 1,000 da ya riƙe a katin mutum ɗaya daga cikinmu ya dawo cikakke, ko da yake ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka yi mana alkawari, sai da aka yi ta kiran waya. Zan iya sake ɗaukar mota a wurinsu, amma da mutum huɗu, kuma ba zan sa hannu ba sai an rubuta mini nauyin da ya rage na kaya a cikin yarjejeniyar.